Masu Tsoron Bakin Mutane

Akwai wata tambaya da ta fi kowane alƙali yanke hukunci a gidajenmu, ba a Kano ko Maraɗi kaɗai ba, har a nan Kokoro, cikin Kilomita Biyar ta birnin Bangi: "To, me mutane za su ce?" Ba a jiran amsarta. Da zarar wani babba ya furta ta, an naɗe tabarma ke nan, wanda aka zalunta ya haɗiye kukansa. Da ita ake cire yarinya daga makaranta tana tsakiyar ƙoƙari. Da ita ake cin bashin kayan ɗakin da za a shekara biyu ana biya. Da ita kuma ake mayar da mace gidan da aka fasa mata baki.

A daminar da ta wuce wata 'yar maƙwabtanmu ta dawo gida da goyo a baya, ido ɗaya a kumbure. Ba yajinta na farko ba ne. Mijin ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, ubansa kuma aminin marigayi mahaifinta ne. Ina tsakar gidan lokacin da baffanta ya shigo, shi ne waliyyinta tun rasuwar uban. Ya dubi fuskarta, ya kau da kai, ya ce da uwar, murya ƙasa-ƙasa: "Wallahi, Hajiya, yaron nan ba shi da gaskiya. Ko dabba ba a yi wa haka." Bayan la'asar dangin miji suka zo biko. Aka yi shimfiɗa a zaure, aka kira yarinyar. Ta durƙusa ta ce: "Baffa, don girman Allah kada a mayar da ni." Mutumin nan da ya rantse da hantsi cewa an zalunce ta, sai ya gyara zama a gaban baƙi ya ce: "Tashi ki ɗauko mayafinki. Mu a gidanmu ba a zawarci da ɗanyen goyo. So kike a yi da mu a unguwa?" Uwar ta raka ta har bakin ƙofa tana cewa: "Ki yi haƙuri, 'yar nan, ki rufa mana asiri."

Mijin ba shi ne abin maganata ba. Mugu dai mugu ne, kowa ya san sunansa, kuma akwai ranar da zai gamu da gamonsa. Baffan nake nufi, shi da ire-irensa, mutanen kirki waɗanda ba su taɓa ɗaga hannu sun mari kowa ba, amma da bakinsu ake ɗaure wanda za a mara. Kuma kada a ce kunya ce. Mai kunya yana jin nauyin mugun aiki ko da babu mai ganinsa. Mai tsoron bakin mutane kuwa ya san gaskiya sarai, ya ma faɗe ta a bayan ɗaki, amma da ido ya yi yawa sai ya aikata kishiyarta.

Abin da ya ƙara tsaya mini a rai shi ne, uwar yarinyar nan abokiyar karatuna ce. Mun daɗe muna musayar littattafan Hausa, irin waɗanda malaman jami'a suka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. A da a cikin dilolin atamfa da kwalayen turare suke iso mana ta Kamaru, su shigo ta Garwa-Bulai, bango ya yage, shafin ƙarshe wani sa'in ya ɓace, sai an bi gida-gida ana tambayar yadda labarin ya ƙare. Yanzu a waya ake karanta su, ko a kunna a saurara ana tsince shinkafa. Na sha ganin wannan baiwar Allah tana share hawaye da gefen zane saboda wata yarinyar takarda da aka yi wa auren dole, tana tsine wa uban da ya yi. Ranar da labarin ya fito daga takarda ya shigo tsakar gidanta, sai ga ta tana faɗin maganar da ta saba tsinewa, kalma bayan kalma.

An daɗe ana zargin littattafan nan da lalata tarbiyya. Wai suna koya wa 'yan mata son zuciya da bijire wa iyaye. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta tara wasu ta cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata a Kano, kuma a shekarun da suka biyo baya marubuta sun sha fama da Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i. Ba zan ce duk littattafan tsarkaka ba ne. Akwai na banza a ciki, masu yawa ma, waɗanda ba su da komai sai lissafin motoci da gwala-gwalai. Amma wanda ya zauna ya karanta na kirkin cikinsu da idon basira zai ga cewa ba a kan son zuciyar yara suka fi tsayawa ba. Ragwancin manya suke tonawa. Ina jin shi ya sa suka fi ɓata wa manyan rai.

Rikicin abin da zuciya ke so da abin da jama'a ke so ya girmi kasuwar Kano. Tun a Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, cikin littattafan farko da aka buga a Zariya a shekarun 1930, an ga Abubakar ya rasa Zainab saboda Malam Shehu ya fi shi abin hannu, ya ƙare rayuwarsa yana neman ramuwa. A 1980 Hafsat Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya, inda 'yar Fulani ta kafe a kan wanda ba ɗan ƙabilarta ba. A 1991 Ado Ahmad Gidan Dabino ya girgiza Arewa da In Da So Da Ƙauna, labarin Sumayya 'yar masu kuɗi da Muhammad ɗan talakawa, har ta kai ta ga faɗa wa rijiya. Amma a wurina babu wanda ya kama cutar da hannu biyu kamar Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka aurar tana 'yar shekara 13. Ba labarin da ta ji a bakin wani take bayarwa ba.

Dubi Wa Zai Auri Jahila?, wanda ya fito a 1990. Yarinya ce, Abu, mai son karatu, ubanta ya cire ta daga makaranta don an ce ta yi girma. Ɗan'uwanta da aka yi musu alkawari ya je birni ya waye, ya dawo ya ce shi ba zai auri jahila ba. To, a nan ne ake gane uban. Mutum mai tunani zai ce: ni na jawo, ni na hana ta karatu, bari in mayar da ita. Shi kuwa abin da ya dame shi shi ne an kunyata shi a gari, an ƙi 'yarsa, baki zai yi yawa. Don ya toshe bakin nan sai ya ɗauke ta ya ba Sarkin Noma, dattijo mai mata a gida, sa'an ubanta. Ba ƙin 'yarsa yake yi ba. Da za a tambaye shi, zai rantse yana ƙaunarta, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai da aka ɗora ƙaunar a sikeli ɗaya da surutun ƙauye, surutun ya rinjaya. Abu ta gudu Kano wurin 'yar'uwar iyayenta, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Mai karatu yana murna da ita, amma ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa: yara nawa ne ke da inda za su gudu? Ita 'yar maƙwabtanmu ina za ta? Daga nan zuwa iyakar Kamaru tafiya ce ta kusan kilomita 600, a kan hanyar da manya ma ba sa bi da kwanciyar rai.

Ɗaya littafin nata na wannan shekarar, Alhaki Kuykuyo Ne, shi ya fi ciwo, kuma ƙarshensa ne ke da ciwon. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa a Kano, ta haifa masa 'ya'ya tara tana cikin ƙunci. Ya auro Delu, ya kori Rabi da yaranta. Ta tsaya da ƙafarta, tana dafa abinci tana sayarwa, ta riƙe yaran, ta aurar da 'yarta Saudatu gidan mutunci. Shi kuwa duniya ta juya masa baya, wuta ta cinye shagonsa, amaryar da ya yi taƙama da ita ta zame masa masifa. Mai karatu ya gyara zama yana cewa alhaki ya kama mai shi, an gama. Ashe ba a gama ba. Maza suka taru, 'yan'uwa da suruki, suka matsa wa Rabi lamba sai ta koma gidan mutumin da ya watsar da ita, alhali ba ta so. Ta koma. Wasu masu karatu sun ji haushin marubuciyar, suna ganin ta ci amanar Rabi. Ni kuwa ina ganin a nan ta fi faɗin gaskiya. Da ta bar Rabi cikin 'yancinta, da ta ba mu tatsuniya. Sai ta nuna mana abin da muke yi: mu tausaya wa mace shekara da shekaru, mu yaba haƙurinta da sana'arta, rana ɗaya kuma mu taru mu ce ai bai kamata a ga uwar manyan 'ya'ya tana zaune ba aure ba, uban yaranta yana wulaƙanta a gari. An fassara littafin zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012, mutanen wata nahiya suka karanta suka yi mamaki. Mu babu abin mamaki a ciki. A zaurenmu ake yi.

Masu wannan hali suna da karin maganar da suke fakewa da ita: sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Gaskiya ce, kakanni ba su yi ƙarya ba. Amma don me aka yi ta? An yi ta ne don ranar gayya, ranar da za a ɗaga jinka, ranar da talakawa za su haɗa kai su tunkari azzalumi. Magana ce ta ƙarfafa raunana. Sai matsorata suka juya ta ta zama fatawa: tunda yawa ya fi ƙarfi, to duk inda yawa ya karkata nan ne gaskiya, kuma wanda ya bi yarima ya sha kiɗa ba shi da laifi. Karin maganar ta ce yawa ya fi ƙarfi, ba ta ce ya fi gaskiya ba. Kuma wai shin su wane ne wannan yawan? A ƙirga su mana. Mata uku ne a bakin famfo, da 'yan majalisar gindin mangwaro, da wata goggo da ba ta taɓa kwana da yunwar kowa ba. Za su yi maganar kwana bakwai, ran na takwas wani ya saki matarsa ko wata ta haihu, su koma can. Ranar da aka kwantar da yarinyar a asibiti babu ɗayansu da zai biya kuɗin allura. A littattafan ma haka suke: marubuta ba sa ba su suna ko fuska, sai dai a ji wai gari ya ɗauka. Saboda waɗannan marasa fuska ake sayar da ɗa mai fuska, wanda aka haifa aka yi wa suna.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin aibi ne, irin na zaman tare, ya tuna da Abu Ɗalib. Shi ma baffa ne, kuma babu baffan da ya kai shi. Ya riƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tun yana yaro maraya. Ya tsaya masa a gaban Ƙuraishawa, ya sha yunwar ƙauracewar da aka yi musu ta kusan shekara uku, bai miƙa shi ba. Mutumin da bai ji tsoron takobi ba ke nan. Amma kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito, da ajali ya zo, Annabi yana gefensa yana roƙonsa kalma ɗaya, Abu Jahal da Abdullahi ɗan Abu Umayya suna ɗaya gefen suna tuna masa addinin ubansa Abdulmuɗɗalib. A wata ruwayar Muslim ya bayyana abin da ya hana shi: kada Ƙuraishawa su yi masa gori, su ce raki ne ya sa shi. Gori! A kan gadon mutuwa, inda gorin ba zai ma iske shi ba. Duk lokacin da na ji wannan ƙissa a wurin tafsiri sai in ga mutane suna girgiza kai suna jimami, su fito daga masallaci su je gida su yanke hukunci da irin wannan ma'aunin.

A nan Kilomita Biyar cutar tana da wani dalili na daban, kuma adalci ne a faɗe shi. Ƙungiyar 'yan tawaye ta Seleka ta shiga Bangi ranar 24 ga Maris 2013, ta kori Shugaba Bozize. Ranar 5 ga Disamba na shekarar 'yan bindigar anti-balaka suka afka wa birnin. A farkon 2014 manyan motoci cike da Musulmi suka riƙa fita zuwa Chadi da Kamaru, unguwanni suka zama kufai, waɗanda suka rage suka cushe a wannan ɗan yanki. An yi lokacin da ko gawa ba a iya kaiwa maƙabartar Musulmi da ke unguwar Boeing, ga ta nan kusa da mu, sai da aka ƙulla yarjejeniya tsakanin unguwannin biyu a farkon 2016. Mutanen da suka rayu haka sun san cewa maƙwabci shi ne katanga, shi ne asibiti, shi ne banki. Wanda jama'a ta juya wa baya a wancan lokaci ya mutu tun kafin a kashe shi. Don haka idan dattijo a Kokoro ya ji tsoron ɓata da surukai ko da abokan kasuwa, na san inda tsoron ya samo asali. Amma sanin asalin ciwo ba ya mayar da shi lafiya. Ƙuncin da ya haɗa kanmu shi ne kuma ya sa kowa ya san abin da aka dafa a gidan kowa, har muka koma masu shafe katangar waje da farar ƙasa alhali ɗakin kwana yana yoyo.

Kuma mu, a duk duniya, mu ne ya kamata mu fi kowa ƙyamar bin yawa, don mun ga abin da yawa ke yi idan ya haukace. Waɗanda suka farfasa gidaje da masallatai a 2014 ba duka ne mugaye tun asali ba. Da yawansu maƙwabta ne da aka ci abinci tare, suka ga unguwa ta tashi suka bi, ko suka rufe ƙofa suka yi shiru don kada a ce suna tare da mu. Haka nan, in za mu faɗi gaskiya, a 2013 lokacin da 'yan Seleka ke kwasar dukiyar mutane suna kisa, akwai namu da suka san zalunci ne suka kama bakinsu, don kada a ce sun bi arna. Su wa muke tunawa da alheri yau? Waɗanda suka saɓa wa nasu. Fada Bernard Kinvi, ɗan Togo, ya ɓoye Musulmi sama da dubu a asibitin mishan na Bossemptele, 'yan bindigar da ke ikirarin addininsa suna yi masa barazana. Imam Umar Kobine Layama, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a 2020, ya fito ya soki ta'asar da ake yi da sunan Musulmi, ya yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da Akbishop Nzapalainga da Fasto Guerekoyame, har ya zauna a gidan Akbishop ɗin lokacin da nasa ya gagara zama. Ya sha baƙar magana daga wasu namu a kan haka. Da ya tsaya sauraron bakin mutane, da bai taka ko ƙofar gida ba.

Adabin ƙasar nan ma da irin wannan taurin kai ya fara. René Maran baƙar fata ne, ma'aikacin gwamnatin mulkin mallakar Faransa a nan Ubangi-Shari. Ya rubuta Batouala, ya ci kyautar Goncourt a 1921, baƙar fata na farko da ya ci ta. A gabatarwar littafin ya tona irin cin zalin da abokan aikinsa Turawa ke yi wa mutanen ƙasa, abin da kowannensu ya sani, kowannensu ya yi shiru a kai. Suka yi masa ca, ba a daɗe ba ya bar aikin. A zamaninmu kuma Adrienne Yabouza, 'yar ƙasar nan da ta yi sana'ar gyaran gashi a Bangi, ta rubuta labarin wasu kishiyoyi biyu da mijinsu ya mutu, danginsa suka taso su kwashe gado su kore su, su kuwa suka haɗa kai suka ƙi. Ashe ba Bahaushe kaɗai ke da dangi masu fakewa da al'ada ba.

Kada wani ya ɗauka ina cewa duk abin da zuciya ta so daidai ne. Son zuciya ɓacin zuciya, wannan ma kakanni ne suka faɗa. Yarinya 'yar shekara 16 da ta ga saurayi mai babur da turare ba ta fi uwarta sanin duniya ba, kuma sau da yawa "a'a" ɗin iyaye rahama ce da sai an girma ake gode mata. Marubutan kirki sun san haka. Abubakar Adam Ibrahim, a littafinsa na Turanci Season of Crimson Blossoms da ya ci babbar kyautar adabi ta Najeriya a 2016, ya kawo Hajiya Binta, mai shekara 55 da mijinta ya rasu, ta faɗa soyayya da Reza, matashi ɗan daba mai sayar da wiwi. Bai yi mata guɗa ba; labarin ya ƙare da jini, kuma jinin gidanta ne. Sai dai a duba inda ramin ya fara. Binta ta yi biyayya tun tana yarinya. An aurar da ita ta zauna. An ce ba a kiran sunan ɗan fari, ba a nuna masa ƙauna a gaban mutane, ta bi, ta danne zuciyarta har yaron ya lalace ya mutu ba ta taɓa kiransa da sunansa ba. Wannan yunwar ce ta fashe mata da tsufa ta hanyar da ba ta dace ba. Zuciyar da aka hana halal ɗinta don idon jama'a ba mutuwa take yi ba, jira take.

Saboda haka ba zaɓi ne tsakanin bin zuciya da bin jama'a ba, kamar yadda masu ƙona littattafai da masu rubuta na banzan suke so mu ɗauka. Akwai na uku, wanda ya fi su duka wuya: mutum ya tsaya ya auna abin da yake daidai a wurin Allah, ya yi shi, ko ya yi wa zuciyarsa daɗi ko bai yi ba, ko unguwa ta yaba ko ta zaga. Uban da ya hana 'yarsa auren mashayi alhali duk gari na cewa ai ɗan gidan wane ne, ya yi wannan. Uban da ya karɓi 'yarsa da ta gudo daga duka ya ce ba za ta koma ba sai an zauna gaban malamai, shi ma ya yi.

Za a ce mini ai a mazhabarmu ta Malikiyya uba yana da ikon aurar da 'yarsa budurwa ko da bai nemi yardarta ba. Haka ne, yana cikin Risala da muke karantawa a zaure, ban musa ba. Amma malaman da suka ba shi wannan iko sun gina shi ne a kan zaton babu mai tausayin 'ya kamar ubanta, zai duba maslaharta. Ba su ba shi don ya wanke fuskarsa a majalisa ba. Kuma wannan mazhabar dai ita ce ta ba mace damar kai ƙara a raba aure idan ana cutar da ita. Me ya sa rabin farko kaɗai muka haddace? A wurin ɗaurin aure da walima wa'azin haƙuri ake yi wa amarya har kunnenta ya gaji, ban cika jin an tashi an gaya wa waliyyi cewa amana aka ba shi kuma za a tambaye shi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da wani malami ya zarge shi da barin mata suna halartar wa'azinsa, bai kore su don a daina magana ba. Ya ga barin su cikin jahilci ya fi muni, ya ci gaba, kuma daga gidansa Nana Asma'u ta fito. Mu da muke alfahari da sunansa, tsegumin mata uku ya ishe mu mu rufe littafi.

Kai baffa, kai kawu, ke goggo mai faɗa a ji, ku ake nufi. Ba a ce ku zama marasa mutunci ba, ba a ce ku kori baƙi daga zaure ba. Ana iya karɓar masu biko da fara'a, a ba su ruwa, a ce musu: "Mun gode da zuwa, amma yarinyar nan tana da rauni a fuska, ba za ta koma yau ba, ku turo mana shi ya zo da bakinsa." Magana ce da ba ta kai minti ɗaya ba. Abin da za ta ci muku shi ne wani ya ɗaure fuska a masallaci na mako guda, wataƙila a rasa wani ciniki. Kun ga dai farashin da kuka ƙi biya, kun kuma ga wadda kuka bar wa bashin. Kuma kada ku ce haƙuri kuke koya mata. Haƙuri na mai shi ne, shi zai zaɓa ya yi don Allah ya samu lada. Wanda kuka ɗora wa wani don ku ku yi barci, sunansa daban.

A Madina an yi wata baiwa, Barira, Nana A'isha ta saye ta ta 'yanta. Da ta samu 'yanci shari'a ta ba ta zaɓi, ta zauna da mijinta Mugisu, wanda yake bawa, ko ta rabu da shi. Ta zaɓi rabuwa. Mugisu yana sonta so mai tsanani, yana bin ta a lungunan Madina hawaye na zuba a gemunsa, gari duka yana kallo, kowa yana tausayinsa. Annabi da kansa ya tausaya, ya yi mata magana ko za ta koma, ga shi uban ɗanta ne. Ta tambaya: umarni ne? Ya nuna mata ba umarni ba ne, ceto kawai yake yi. Ta ce ba ta da bukatarsa. Tsohuwar baiwa ce, ba dangi, ba dukiya, mafi girman halitta ne ya sa baki, jama'a kuma suna bayan mijin. Annabi bai tsawata mata ba, bai ƙaurace mata ba, bai aika wani ya je ya lallashe ta da dare ba. Auren ya rabu, Barira ta ci gaba da zamanta a Madina.